Ranar da Gaggawa Mai Fenti Ya Zauna

Mahaifinsa ne ya laƙaba masa Gaggawa, sunan kuma ya bi shi har furfura. Mahaifin nasa masassaƙi ne, mai yin ƙofofin katako da zanen da ya gada: igiya ta shiga ƙarƙashin igiya, ta fito, ta sake nutsewa, ba ka ganin farkonta balle ƙarshenta. Ba ya ɗora wuƙa a kan katako sai da alwala, in yana aiki kuma leɓɓansa na motsi. 'Ya'yansa maza biyu ya zaunar a gabansa. Babban, wanda kowa ke kira Yaya, ya ɗauke hannun uban kakaf. Ƙaramin kuwa, wato Gaggawa, in aka ba shi fure ɗaya ya sassaƙa, kafin a juya ya gama uku, duk a karkace.

"Kai hannunka ba ya jiran zuciyarka," in ji uban. Wata rana ya kama hannun nan, ya kai shi wurin wani mai fentin gidaje, ya ce ga ɗa nan, a ba shi bango, bango ba ya tsagewa.

Nan Gaggawa ya sami abin da ya dace da shi. Rola a hannu, ƙafa a kan tsani, yana waƙa yana shafe falo kafin masu gida su gama kwashe kujeru. Ya yi aure, ya tara iyali, farcensa bai taɓa rabuwa da launi ba. Amma a ransa ya yanke cewa zane na gaske na Yaya ne. In ya shiga shagon wansa bayan rasuwar ubansu, ya ji ƙamshin ɓawon katako, har muryarsa yake ragewa.

Yana dab da aurar da 'yarsa ta fari aka kira shi aiki a wani zauren baje kolin zane-zane. Za a sabunta farin bangon ɗakuna kafin a buɗe sabon baje koli. An riga an rataye wasu zanukan, an ce ya bi a hankali. Gaggawa ya zagaya yana dariya har da riƙe ciki. Wannan kamar akuya ta taka fenti ta bi ta kan zani. Wancan kuwa, wallahi tsumman da yake goge buroshi da shi ya fi shi tsari. A ɗakin ƙarshe ya tarar da wani ƙaton allo da ya kusa cinye bango, ja ne zalla, ba mutum, ba itace, ba ko layi ɗaya.

"Wannan ai shafin farko ne, ba su ƙarasa ba," ya ce wa mai gadi. "In suna so in ƙarasa musu, kafin azahar na gama."

Da rana ta take, ya nemi wurin hutawa. Ɗakin jan allon ne kaɗai ke da benci, sai ya zauna da gorar ruwansa. Da yake idon mai fenti ne, ya fara neman sawun rola, bai gani ba. Ya nemi inda buroshi ya tsaya aka sake tsoma shi, nan ma babu. Ya matso. Ashe jan ba ɗaya ba ne. A ƙarƙashinsa akwai wani duhu kamar garwashin da toka ta rufe, ta gefen sama kuma wani haske na ƙoƙarin fitowa. Ya koma ya zauna. Allon ya yi kamar yana numfashi, ya matso, ya ja da baya. Gorar ruwa na hannunsa bai buɗe ba. Can sai ya ji leɓɓansa na motsi, ya saurara, ashe tasbihi yake yi. Tsigar jikinsa ta tashi.

"Ka daɗe a nan, ɗana."

Wata tsohuwa ce mai sanda, 'yar ƙarama, ta zauna a ƙarshen bencin bai ma sani ba.

"Mama, don Allah wa ya yi wannan?"

"Ni ce. Mai gadi ya ce za ka ƙarasa min."

Gaggawa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Tsohuwar ta yi dariya har da tari. Ya durƙusa yana ba ta haƙuri, amma bakinsa ya ƙi tsayawa a kan haƙurin. Shafi nawa ne? Da me ta tsinka fentin? Me ke ƙarƙashin jan, kore ne ko baƙi?

"Kore ne," in ji ta, tana kallonsa da kyau. "Shafin kuwa ban ƙirga ba. Na yi doguwar jinya, da na tashi ban san yadda zan gode wa Allah ba, kalmomina sun yi kaɗan. Sai kullum da safe in shafa siriri ɗaya, kamar ruwa, in jira ya bushe, gobe in ƙara."

"Ki jira?"

"Jiran ai shi ne aikin."

Ranar bai nufi gida ba. Shagon Yaya ya faɗa kamar an koro shi, kayan aiki a jikinsa, har ya yi tuntuɓe da gizago.

"Yaya! Na ga wani abu yau! Ja ne kawai, amma wallahi sai da na yi tasbihi!"

Yaya bai ɗago daga ƙofar da yake sassaƙawa ba. "Warin fenti ne ya hau maka kai. Ka sha madara."

"Ka zo ka gani da idonka!"

Sai da ya yi ta naci kafin Yaya ya saka hularsa ya bi shi washegari. Ya tsaya a gaban allon, hannu a baya, ya dube shi sama da ƙasa.

"Gaggawa, abin da Baba ya koya mana yana da ƙa'ida. Igiyar nan da ba ta da farko ba ta da ƙarshe, ka san Wanda take tuna maka. Mutum ya koya shekara da shekaru, ya ƙasƙantar da kansa, ya bi sawun waɗanda suka riga shi. Wannan fa? Kowa ya zuba abin da ke cikinsa a ƙyalle ya ce zane ne. In ta yi kuskure, wa zai gane?"

"Ni zan gane! Ka zauna mana, sai an zauna!"

"Ina da aiki," in ji Yaya, ya juya.

Maganar ta soke shi, amma ba ta kashe wutar ba. Ya share ɗakin ajiya na bayan gida, ya jingina wani faffaɗan katako, ya goge shi da samfefa har ya yi santsi. Ragowar fentin ayyukansa kuwa dama sun cika gwangwanaye. Na farko ya lalace, don bai iya jira ba, ya ɗora shuɗi a kan ɗanyen rawaya, abu ya koma kamar ruwan kwata. Na biyu ma haka. Matarsa ta leƙo, ta toshe hanci.

"Baban yara, yanzu bangon mutane bai ishe ka ba, sai ka zauna kana gadin katako?"

"Bushewa nake jira."

"Kai? Jira? Bari in kira maƙwabta su zo su shaida."

Ya koma wurin tsohuwa mai sanda da katakonsa a ka. Ta duba, ta ce wannan ba komai ba ne tukuna, amma wannan kusurwar ta fara magana. Ta tambaye shi wa yake yi wa. Shi kuwa bai taɓa tunanin haka ba. A hanyar komawa amsar ta zo masa, har ya tsaya cak a tsakiyar titi wani mai babur ya zage shi.

Inna ce, mahaifiyarsu. Yanar ido ta rufe mata gani, likita ya ce shekarunta da ciwon sukarinta ba za su bari a yi aiki ba. Fuskokin jikokinta ma sai da murya take gane su. Tana zaune a ɗakinta a gidan Yaya, tana fuskantar bango mai launin toka wanda shi Gaggawa ya shafa da hannunsa. Abin da ya rage mata shi ne haske da manyan launuka.

Wannan karon ya jira. Da safe kafin ya fita aiki zai shafa siriri, ya ja ƙofa. Ya fara da ruwan ƙasa mai duhu, ya bi da ruwan lemo, sannan rawaya a kan rawaya, kowanne an tsinka shi kamar ruwan shayi. Ya kan tsaya da buroshi a hannu yana yi wa Inna addu'a, ba da niyya ba, haka kawai take zuwa. Damina ta shigo ta fita yana abu ɗaya.

Ranar da ya kai wa Inna katakon, shi da direban a-kori-kura suka shigar da shi da ƙyar, suka jingina shi inda hasken taga ke faɗawa. Yaran gida suka cika ƙofa. Inna ta ɗago kai, ta ƙifta ido.

"Wa ya buɗe taga?"

"Ba taga ba ce, Inna!"

"To me ke haske haka? Kai, tsaya. Rawaya ce! Ga wani ja-ja daga ƙasa, kamar gari zai waye." Ta miƙa hannu tana dariya, hawaye na bin kumatunta. "Allahu Akbar. Gaggawa, kai ka yi? Ashe ina gani!"

Gaggawa ya daka tsalle kamar yaro, ya rungume direban da bai san hawa ba bai san sauka ba. Yara suka ɗauki ihu. Ya juya yana neman wansa. Yaya na tsaye a bakin ƙofa, ya daɗe yana kallon fuskar Inna, sannan ya dubi katakon.

"Gefensa tsirara ne," ya ce. "Ba a ajiye abu haka a ɗakin Inna. Zan yi masa firam."

"Ka yarda zane ne ke nan!"

"Ban ce ba. Na ce gefensa tsirara ne."

Ya yi firam ɗin kuwa, ya zuba masa sassaƙa har ta so ta fi ƙarfin allon, suka yi ta musu a kan faɗinsa, Inna na raba su. Har yau Yaya na cewa shafe-shafe ne, Gaggawa na cewa wansa tsoron zama yake yi.

Fentin gidaje dai bai bari ba, da shi ake cin abinci. Sai dai yanzu masu ba shi aiki sun san halinsa: in ka ce fari kake so, sai ya tambaye ka ta ina rana ke shigowa ɗakin, kuma wa zai riƙa kwana a ciki. Wata ma'aikaciyar jinya da ta zo duba Inna ta roƙe shi ya yi wa ɗakin jiran asibitinsu guda ɗaya. Kore yake so ya yi. Ya ce ya ga irin koren da yake nema a jikin wani tamfol da ruwan sama ya jiƙa a bayan wata babbar mota, ya bi ta da gudu har kwanar titi don ya ƙare masa kallo, mutane na tsammanin an sace masa wani abu ne. Gwangwanaye sun cika tsakar gida, kuma duk wanda ya yi sallama sai an kama hannunsa an kai shi ya faɗi wanne ya fi kusa da koren nan.