Teburin Silba na Hajiya Rabi

Har yau ban manta da ranar Talatar da Hajiya Rabi ta ture mini hotona a karo na biyu ba. Lokacin da na fara aikin zanen gine-gine, da fensir da ruwan fenti muke yi, mu goma sha wani abu a ɗaki ɗaya, ana aiki ana zolayar juna. In ka zana ƙarfe, farin layi biyu za ka ja, kowa ya yarda ƙarfe ne. Yanzu kwamfuta ke yi, kuma mai ba da aiki so yake ya ga abin kamar an riga an ƙera shi an ɗauki hotonsa.

Na yi aiki a Yamai da Abijan, na yi shekaru a Jidda, inda na koyi zane da kwamfuta da furfurata. Da na dawo gida, Injiniya Bashir ya ɗauke ni a ƙaramin ofishinsa na Gusau. Mu biyar ne a farko. Huɗun suka koma Abuja ɗaya bayan ɗaya, shi ma ya bi su, aka bar ni da teburansu. Da safe in buɗe, in share, in zauna. Da yamma in koma unguwar Damba, gidana da ba kowa tun rasuwar mai ɗakina.

Hajiya Rabi ita ce shugabar wata ƙungiyar mata masu sarrafa nono a Bungudu. Suna son dogon tebur da ƙofa na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda masu walda ke kira silba, irin wanda ake gogewa ya yi siraran layuka, ba mai ƙyalli kamar madubi ba. Ka'idar ita ce in yi hoto, ta amince, sannan a ba mai walda. Hanyar yin hoton kuwa kashi uku ce. Ka gina siffar tebur a kwamfuta. Ka shimfiɗa masa layukan goga. Sai ka ba shi wurin da zai zauna, wato hoton ɗaki zagaye, domin haske ya fito daga nan. Na uku ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Hoton ofishina na ɗauka na sa, tun da shi ne kusa.

A ranar Talatar nan, Hajiya ta riƙe takardar hoton nesa da fuskarta, ta ce, "Alhaji, wanga ai roba ce. Wancan karon ka kawo mini madubi, yau ka kawo bahon wanka."

Na ce, "Hajiya, layukan suna nan, ki duba da kyau."

"Na duba. Ni ba na sa nonon mutane bisa abin da idona bai yarda da shi ba."

Da azahar Injiniya ya kira. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Baba, ka gwada sau ɗaya kuma. In ta ƙi, sai yaran nan su riƙa yi daga nan, mu rufe Gusau, kai ma ka huta." Na san irin hutun. Ofishin nan shi ne kawai inda wani ke tsammanin ganina.

Kwana biyu ina ƙara layuka, ina rage su, ina sauya kaurinsu. Na karanta bayanai da Faransanci da Turanci da Larabci, duk maganarsu ɗaya, ba wanda ya gaya mini abin da ya rage. Ranar Juma'a da hantsi na shiga mota zuwa Tsafe, wurin Malam Ɗanjuma, mai waldar da zai ƙera teburin. Tsarana ne, kunnensa ɗaya ya mutu saboda ƙarar injin.

Na nuna masa hoton. Ya yi dariya har da tari. "Wane ne ya goge wanga? Aljani? Layi tun daga nan har Funtuwa bai yanke ba!"

Ya jawo wani fallen ƙarfe, ya naɗe samfefa, takardar guga, a guntun katako, ya fara ja. Na lura hannunsa na tafiya iya tsawonsa ne, ya tsaya, ya matsar da ƙafa, ya sake ɗorawa. A kowace mahaɗa layukan na ɗan hawa kan juna. A Jidda inji ke gogewa, layi ya miƙe ɗoɗar, kuma shi na kwaikwaya. Na Tsafe kuwa tsawon hannun mutum ne.

Na ce, "To na gane. Shi ke nan?"

"Mi kaka sauri? Koma can bakin ƙofa."

Na koma. Ya karkata fallen. Wani farin haske ya miƙe a kansa, dogo, ba kai ba ƙafa.

"Ka ga rigarka ke nan. Ga jar ƙasar waje nan ƙasa, ga koren dalbejiya. Ƙarfen ga ba shi da launi nashi, Alhaji. Abin da ke kusa da shi yaka ɗauka. Kai ina ka aje naka?"

Na ce, "A ofishina."

"Wa ke ciki?"

Na tuno ofishin. Farin bango ne da tebura huɗu da ba kowa. Bai sake tambaya ba. Ya aika aka kawo mana fura, muka sha, muka tafi masallaci tare, na kamo hanya kafin la'asar.

Ranar Litinin na je Bungudu da kyamara. Na roƙi Hajiya in ɗauki ɗakin da za a sa teburin, zagaye, da matan a tsaye inda za su riƙa tsayawa. Wata dattijuwa, Inna Tumba daga Furfuri, ta ja jan mayafinta ta ce ita ba a kai fuskarta Abuja. Na yi mata bayani cewa gogaggen ƙarfe ba ya nuna fuska, launi kawai yake ja. Ta ce, "To ɗauki bayana, shi ba ya da kunya." Aka kwashe da dariya. Na daɗe ban tsaya a ɗakin da ake dariya haka ba, har na ɗauki hotunan sau biyu ba don na farko sun lalace ba.

Na yanke layukan gwargwadon hannun Malam Ɗanjuma, na cire ofishina na sa ɗakinsu. Da hoton ya gama fitowa, ni kaɗai ne a wurin. Na juya in nuna wa wani, sai kujeru.

Hajiya ta zo ranar Laraba. Ta riƙe takardar, ta daɗe tana dubawa. Sai ta ɗora yatsa kan wani jan zane da ya miƙe a gefen teburin.

"Wanga ja, ai Inna Tumba ce."

Na ce ita ce.

"To a ba Ɗanjuma ya fara."

Ba a rufe ofishin ba. Teburan huɗu suna nan yadda suke, ni ke share su. Ku da kuke tasowa a wannan aiki, abin da zan gaya muku shi ne, manhaja za ta ba ku layuka dubu, amma ba ta san wanda zai goge ƙarfen ba, ba ta san waɗanda za su tsaya a gabansa ba. Tun daga wannan aiki ban sake zana ƙarfe ina zaune ni kaɗai ba. Sai na je wurin, na gaisa da mutanensa, sannan in kunna kwamfuta.