Na Ja Barewar Harami da Gishiri

Lokacin da wannan abu ya faru ina ɗan shekara talatin da 'yan kai, mai ji da kansa, wanda ya zo Umara ya ƙi komawa gida. Ni ɗan maharbi ne, jikan maharbi, kuma a wancan zamani ba na iya zaman minti goma cikin mutane ban sanar da su haka ba. Na yi dako a Mina, na yi shara a Arfa, da aikin Hajji ya wuce kuma sai zaman jiran tsammani a wani ɗaki a unguwar Kudai ta Makka da muke kwana mu bakwai. Edita, na daɗe ina juya wannan labari a raina. Yau dai na ce gara in amayar da shi, ko wani ya tsira daga ramin da na faɗa.

Wanda ya fitar da ni daga wannan zama wani dattijo ne mutumin ƙasar Damagaram, kowa Baba yake ce masa. Ya haura shekara arba'in a Makka ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, yana kiwon awakin wani Balarabe a wani garke can gindin duwatsu, ta hanyar Arfa. Da gwiwa ta fara ba shi wahala sai ya roƙi mai garken ya bar shi ya ɗauko wanda zai riƙa hawa dutse da awakin, ya ɗauko ni. Baba ba shi da mata, ba shi da ɗa, burinsa ɗaya ne a duniya, a binne shi a ƙasar Makka. Idan ya ji labarin alhazai suna wanke likkafani da zamzam don su tafi da shi gida, sai ya yi dariya ya ce shi kam Allah ya hutar da shi wannan ɗawainiya, tunda a nan zai kwanta. Saboda wannan buri ne ba ya shiga gari sai dole, don kada a kama shi a mayar da shi.

Mai garken yana sayo wa awaki jan gishirin lasa. Baba kuwa sai ya tattara ɓarɓashin da ya rage, ya daka shi da kanwar da alhazan Nijar ke kawo masa tsaraba, ya zuba a kwarmin wani falalen dutse a bayan garke, ya ajiye daron ruwa a gefe. Kwanana biyu da zuwa na ga dalili. Bayan sallar asuba, gari ya fara haske, sai ga bareyi uku sun gangaro daga dutse suna taku kamar masu tsoron tada mai barci. Baba ya raɗa mini cewa ciyawar duwatsun nan ba ta da gishiri, shi ya sa suke zuwa, musamman mai shayarwa. Ni dai ban ji rabin maganarsa ba, hannuna ne kawai ke ƙaiƙayi. Ya lura. Ya ce mini waɗannan baƙin Allah ne, a cikin iyakar Haramin Makka suke, ba a farautarsu, ko razana su ba a yi, ga shi kuma hukuma ta hana taɓa su ko'ina. Na ce na ji.

Ran Juma'a nakan shiga Kudai wajen abokaina, kuma bakina ne ya fara jawo mini. Da na ba su labarin bareyin, sai suka sa ni a gaba da tsiya. Wani ya ce an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ga ɗan maharbi ya ƙare a tatsar akuya, nama na wucewa ta gabansa yana yi masa sannu da zuwa. Aka yi ta dariya, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. A hanyar komawa na tuna cewa alamar iyakar Harami ba ta fi tafiyar minti goma daga garkenmu ba. Mako na zagayowa na tare wani ɗalibi ɗan ƙasarmu da ke karatun addini, na tambaye shi hukuncin wanda ba ya cikin ihrami ya yi farauta a wajen Harami. Ya ce a asali halal ne, amma in kiyayi dokar ƙasa. Na ɗauki rabin farko na amsar na sa a aljihu, na bar masa sauran. Ban kuma gaya masa yadda naman zai kai wajen iyakar ba.

Daga nan na fara aikin da har yau in na tuna nake jin kunyar kaina. Kullum da yamma, in Baba ya zuba haɗinsa ya koma alwala, sai in zagaya in kwashe, in kai gaba kaɗan in zuba a wani dutsen. Bayan kwana uku in ƙara matsawa. Dabba ba ta san iyaka ba, gishiri ta sani, haka suka yi ta bin sa. Baba ya riƙa zama da asuba yana kallon dutsen da babu kowa, yana cewa wataƙila kanwar bana ce ba ta da kyau, ni kuma ina taya shi jimami. Cikin mako biyar na tsallakar da su alamar. Na ɗana tarkon waya tsakanin ƙayoyi yadda mahaifina ya koya mini, rana ta biyu ya kama macen. Sai da na kayar da ita na ga hantsarta cike da nono. Na gani sarai, Edita, kuma na yi bisimilla na yanka.

Na kai naman Kudai, aka yi farfesu, aka yi ta yi mini kirari. Wani ya ɗauki hoton kan barewar a hannuna da wayarsa, fuskata ba ta fito ba, amma muryata ta fito ina ta cika baki, har da kwatancen garken. Hoton ya yi ta yawo daga waya zuwa waya. Ba a yi kwana goma ba, ina kan dutse da awaki na hango motar jami'an kula da namun daji ta tsaya a ƙofar garke. Na laɓe a bayan wani dutse, ni ɗan maharbi, ina kallo. Suka zaro fatar da na shanya a bayan rumfar awaki, suka ga turmin kanwa. Wani makiyayi maƙwabcinmu ya gaya mini daga baya cewa da suka tambayi Baba wa ke zuba gishirin, ya ce shi ne, shekara da shekaru. Da suka tambaye shi wanda ya kashe barewar, sai ya ƙi faɗa. Bai yi ƙarya ba, bai kuma ambace ni ba. Aka nemi iƙamarsa babu, daga nan sai tarhil, gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, Baba ruwan ya doka.

Bayan wata huɗu Baba ya sa ɗan ƙaninsa ya kira ni daga ƙauyensu, inda kusan duk waɗanda suka san shi sun riga shi tafiya. Na fara kame-kame, ya katse ni. Ya ce tun mako na biyu ya ga sawun takalmina, maganar kanwa da yake yi don in ji kunya in daina ne. Na fashe da kuka ina roƙon gafara.

"Na yafe maka, ɗana," in ji shi. "Abu ɗaya nake so. Ka sayi yadi ka wanke mini da zamzam, ka ba wani alhaji ya taho mini da shi."

Na saya, na wanke, na aika. Kafin wani aikin Hajjin ya zagayo aka naɗe shi a ciki, aka binne shi a rairayin Damagaram.

Daga baya na koma wajen ɗalibin nan da cikakkiyar tambaya. Ya ce wanda ya yaudari dabba ta fito daga amincin da Allah ya ba ta, bai fita daga laifi ba don ya tsallake alama. Ai ko bai faɗa ba na sani, tun ranar da na ɓoye masa rabin maganar na sani. Abin da na koya ke nan, ɗan'uwa mai karatu. Duk ranar da ka ji kana rage tambaya don ka sami amsar da kake so, to ka riga ka san hukuncin, ka tsaya nan. Kada dariyar abokai ta tura ka cin amanar wanda ya yarda da kai, mutum ne ko dabba, domin ba lallai ne kai za ka biya ba.

An sayar da awakin, garken ya zama kango. Ni har yanzu ina Makka, ina taka ƙasar da Baba ya yi shekara arba'in yana jira. Wani lokaci nakan daka gishiri da kanwa in kai kan falalen dutsen nan, in zauna har rana ta fito. Ko ɗaya ba ta taɓa dawowa ba.