Baba Merv, Wanda Mijina Yake Jin Maganarsa

Ranar Talata, 14 ga Mayu, Allah ya karɓi ran Baba Mervyn Treloar, bakanike, a gidansa da ke garinmu Toowoomba, bayan gajeruwar jinya.

Baba Merv, kowa ya san alherinka. Ba ka taɓa wuce motar da ta mutu a hanya ba, kuma duk wanda ya shiga rumfar gyaranka sai ya sha shayi da biskit ɗin matarka Glenys. Ni ma na sha, amma da kishi na haɗiye shi. A littattafan da nake karantawa, miji yakan gane muryar matarsa ko a cikin taro. Mijina Callum muryarka kawai yake ji. Kowace Asabar yana wurinka, kanku a haɗe cikin injin tsohuwar motarsa ƙirar Holden ta 1964, ni ina gida da littafi.

Da mastan birkinta ya tsufa, wato tukunyar da ke tura mai zuwa ƙafafun mota, Callum ya dage sai irin na asali, mai hanya ɗaya, domin alƙalan gasar tsofaffin motoci suna rage maki idan suka ga kayan zamani. Na roƙe shi ya sa na zamani mai hanya biyu, wanda in ɗaya ta fashe ɗayar za ta tsayar da mota. Na tuna masa gangaren dutsen garinmu da cikin da nake ɗauke da shi. Ya ce ban san mota ba. Har kuka na yi.

Kai kuwa da Callum ya kawo maka zancen, ko kai ba ka ɗaga daga aikinka ba, ka ce, "Kai yaro, kofin gasa ne zai riƙe maka mota a gangare? Sa mai hanya biyu, ka auna faɗin bakinsa ya yi daidai da tsohon." Washegari ya yi oda. Maganata ce ka faɗa, amma sai da ta fito daga bakinka ta yi nauyi. Na gode maka a fili, a ɓoye kuma na ji haushinka.

Kayan sun iso kana asibiti. Jiya Callum ya ɗaura su shi kaɗai, sannan ya leƙo ɗaki ya ce cire iskar birki aikin mutum biyu ne, ko zan zo in taka masa birkin? Na zauna a kujerar direba, mazauninka. Yana ƙarƙashin mota yana cewa, "Taka. Riƙe. Saki." Na sami Asabar ɗin da na daɗe ina nema, amma tun safe har yamma hirarka ya yi mini.

Allah ya ji ƙanka, ya yafe maka, ya ba ka hutawa. Allah ya ba Mama Glenys da 'ya'yanku haƙuri, ya ba Callum juriya. Ni kuma ya sanyaya zuciyata, domin har yanzu kai yake saurare.