Ranar da Na Ƙi Tsayawa Bayan Kawu

Katan goma sha biyu ne suka jefa ni siyasa. Takalman yara ne a ciki, irin waɗanda in yaro ya taka ƙasa dunduniyar ta kawo wuta, ja da kore. Ni na gano su a wata masana'anta a bayan garin Guangzhou, na zuba duk ɗan abin da na tara, na ce in dai suka isa kasuwar Wambai kafin ƙaramar Sallah, to ni ma na zama mutum. In suka makara kuwa, sai dai in riƙa haska hanya da su, don babu uban da zai saya wa yaro takalmin Sallah bayan Sallah.

Shekarar da soja suka ce za su koma bariki ke nan, a gida ana ta kaɗa gangar siyasa. Ni kuma ina zaune a sito ina gadin katan kamar kaza kan ƙwai.

Bari in yi maka bayanin siton. Mu ƙananan 'yan kasuwa ba ma iya cika kwantena, sai dai a haɗa. Ƙungiyarmu ta Musulmin Afirka ta Yamma ta kama wani babban sito, kowa masana'anta ta kawo masa kayansa nan, da mak ɗinsa a jiki. Mak shi ne tambarin da kake sa a rubuta a jikin katan, harafi biyu ko uku, ko wani zane. Nawa kan zakara ne, don ni makaranta a aji uku na sakandare muka yi hannun riga, zane ya fi min sauƙi. Shugaban ƙungiya shi ke cewa kayan wane za su shiga kwantena, na wane za su jira. Shugaban kuwa kawuna ne, yayan mahaifiyata, wanda ya kawo ni Chaina.

Kawu ba ya zuwa sito. Yana ɗakin otel shi da manyan alhazai, ana shan shayi, ƙaninsa na karanto masa jerin mak, shi kuma yana cewa wannan ya shiga, wannan ya dakata. Kuma kullum kayan masu shan shayin ne ke shiga. Sau uku kwantena na tashi ta bar min zakaruna. Da na je na yi ƙorafi, cewa ya yi, "Kai da kake ɗan gida? Ɗan gida shi ke haƙuri." Na ce, "Kawu, haƙurin nan fa ba ya kawo wuta a dunduniya." Ya ce in fita.

Sai ga zaɓe ya zo. Ƙungiyar ɓangare biyu ce: mu masu jin Hausa, na Najeriya da Nijar da 'yan zangon Ghana, sai kuma mutanen Mali da Gini. Kowane ɓangare ya fitar da gwaninsa, sannan a kara. Da yake mun fi su yawa a siton, wanda muka fitar ya gama ci. A da babu wani fidda gwani, alhazai ne za su ƙara ruwa a buta su ce an yi maslaha, Kawu ya zarce.

Bana sai Injiniya ya ce shi ma yana so. Wani siririn mutum ne ɗan Zariya, ya zo karatu wata jami'a a unguwar Tianhe, ya gama ya zauna yana yi wa mutane tafinta. Takalminsa ɗaya, jakarsa ɗaya, amma in ya juya harshe, 'yan Chaina har leƙen bakinsa suke yi. Manufarsa guda ce, ba shi da ta biyu: a kafa allo a bangon sito, duk katan da ya shigo a rubuta mak da ranar shigowa, wanda ya riga shigowa ya riga fita. Ko na shugaba ne, ya bi layi.

Alhazai suka yi dariya har da tafawa. Suka ce to, tunda yaro yana son zaɓe, a yi masa zaɓe, amma ƙato bayan ƙato. Kowa ya fito fili ya tsaya bayan wanda yake so, ranar Juma'a bayan an sauko, a harabar sito. Dabarar a fili take: wa zai tsaya a bayan Injiniya, alhali mai riƙe da kwantena yana kallonsa?

Dabarar ta ci kuwa. Na zaga wajen mutane, kowa sai ya ce, "Wallahi zuciyata tana wajen Injiniya, amma kayana suna wajen Alhaji." Wani mutumin Damagaram mai sayen tocilan, wanda muke zama kan katan muna cin gyaɗa tare, ya ce min, "Kai ɗan Kano, baki gare ka. In Alhaji ya gan ni bisa layin nan, kayana sai sun yi furfura cikin magazan ga." Magaza wai sito ke nan a bakinsu.

Na ce, "Shekara nawa kana lodi a nan?"

"Ukku."

"Alhaji ya taɓa kiran sunanka?"

Ya ci gaba da tauna gyaɗarsa.

A nan abin ya faɗo min. Masana'anta ce ke kawo kaya, ma'aikatan sito su sauke, a aika wa Kawu takarda. Ko sau ɗaya fuskar mai kaya ba ta shiga lissafin. Kawu ya haddace mak ɗin kowa kamar Ƙulhuwallahu, amma bai san wace fuska ce ke da wane mak ba. Ni ne na sani, saboda zaman banzan da nake yi a sito.

Na ce, "Tashi mu je ka gani da idonka."

Na ja shi har ɗakin otel. Muka cire takalma, muka durƙusa. Na ce, "Kawu, barka da hutawa, ga wani ɗan'uwa ya zo gaishe ka."

Kawu ya miƙa masa yatsu uku, ya ce, "Madalla, madalla. Yaushe a gari? Baƙo ne ko? To ka yi hankali da abincinsu, ba kowane nama ake ci ba."

Mutumin Damagaram ya ce, "In sha Allahu, Alhaji." Muna fitowa ya jingina da bango yana dariya har da hawaye. "Shekara ukku! Wai in yi hankali da nama!"

Wannan labari shi ya zama kamfen ɗinmu. Ba mu da fosta, ba mu da shinkafar rabawa. Na sami littafin rubutu na bi katan-katan ina kwafe mak, wanda ba zan iya rubutawa ba in zana, sannan in bi masu su har inda suke: kasuwar takalma, benen 'yan agogo, shagunan kayan lantarki na Tianhe, gidan taliyar Musulmin Chaina inda ake taruwa da rana. Kowa na samu tambaya ɗaya ce: "Ya san fuskarka?" In ya yi gardama in ce ya je ya gaishe shi. Wallahi a satin nan Kawu ya sha gaisuwa har ya fara gaya wa alhazai cewa jama'a sun nuna inda suka dosa.

Akwai wata Hajiya 'yar zangon Kumasi mai lodin mayafai da jakunkuna. Ita ce ta tambayi Injiniya, "Mu mata fa? Muna ciki ko kuwa namu kallo?" Injiniya ya ɗauko littafin dokar ƙungiya, wanda alhazan da kansu suka rubuta tun farko suka manta da shi, ya karanta mata: duk mai mak a sito ɗan ƙungiya ne. Ta ce, "To katan ɗina ba ya ɗaura ɗankwali. Zan zo da mutanena." Ni kuma ta kalle ni ta ce, "Kai kuma ɗan nan, bakinka ya fi ka girma." Na ce, "Hajiya, shi kaɗai na zo da shi daga gida ba a caje ni kuɗin kaya ba."

Sai dai akwai fuska ɗaya da Kawu ya sani tun tana cikin zanin goyo.

Ranar Alhamis da la'asar ya aiko a kira ni. Babu kowa a ɗakin. Ya zuba min shayi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Na ji kana yawo da littafi. Ashe ka iya rubutu." Na ce zane ne. Ya ce, "Akwai kwantena ranar Litinin. Ita ce ta ƙarshe da na tabbata za ta riski Sallah. Zakarunka goma sha biyu suna ciki, in gobe na waiwaya na gan ka a bayana. In ban gan ka ba, ka nemi allo ya kai maka su Kano."

Na sha shayin, don ba a barin shayi. Na fito ina lissafin kwanakin jirgi a yatsu, daga nan zuwa Legas, daga Legas zuwa Kano, na lissafa ya fi sau goma, amsar ba ta canza ba: in aka wuce Litinin, sai dai a yi ta addu'a.

Juma'a aka sauko daga masallaci, jama'a suka cika harabar sito. Lawban, wato ɗan Chainan da ke da ginin, ya fito yana ganin taron ya fara yarfe hannu, sai da Injiniya ya lallashe shi cewa layi kawai za a yi a watse. Wani dattijo ɗan zango da ke ja mana salla shi aka ba ƙirga. Kawu ya tsaya a dama cikin babbar riga, alhazai suka jeru a bayansa suna gyara hula. Injiniya ya tsaya a hagu da jakarsa. Bayansa babu ko ƙuda.

Dattijo ya ce bismillah, kowa ya bi nasa. Babu wanda ya motsa. Duk jaruman da suka yi min rantsuwa sun tsaya a tsakiya, wannan yana duba agogo, wancan yana gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya. Kowa na jiran wani ya fara.

Kawu ya waiwayo ya dube ni. Na dubi ƙofar sito, ina hango kan zakarana a jikin katan. Na ce a raina, in na tsaya a dama, wannan karon na fita, amma karo na gaba ni ne ɗan gida mai haƙuri, har in tsufa. Na ɗaga murya na ce, "Kawu, a gafarce ni, layinka ya yi min inuwa da yawa, ni kuma sanyi nake ji." Na taka na tsaya bayan Injiniya.

Sai na ji ƙamshin turare a bayana. Hajiyar Kumasi ce da matanta, sun ja nasu layin a gefe. Ta ce, "Maza, in kunya kuke ji mu ara muku mayafi." Ai kamar an fasa dam. Mutumin Damagaram ya zo, 'yan tocilan suka biyo shi, 'yan agogo, 'yan batir, masu katan uku, masu katan ɗaya. Layi ya miƙe ya fita ƙofar haraba, ya karya kwana wajen mai gasa dankali. Mai dankalin ma ya ɗauka wani abu ake rabawa, ya zo ya tsaya, sai da aka cire shi.

Kawu ya ce wa ƙaninsa, "Rubuta min su!" Ƙanin ya zo da biro ya tsaya gaban mutumin Damagaram ya ce, "Malam, mene ne mak ɗinka?" Shi kuwa ya ce, "Ni baƙo ne, jiya na zo. Alhaji ma ya ce in yi hankali da nama." Na bayansa aka tambaya ya ce, "Meyo," wato babu, yadda masu shago ke ce mana. Layi gaba ɗaya ya ɗauka, meyo, meyo, har Lawban yana dariya bai san dalili ba. Ƙanin Kawu ya koma da takarda, mak ɗaya tal ya rubuta, kuma ba sai na gaya maka ko na wane ne ba.

Dattijo bai ma gama ƙirga namu ba ya tsaya ya ce, "Alhaji, a ci gaba ko a rufa asiri?" Kawu ya naɗe hannun riga ya ce a bari. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ranar na gan shi da idona, sanye da silifas.

Litinin kwantena ta tashi babu zakara ko ɗaya. Na tsaya ina kallo aka rufe ta aka buga mata kwaɗo. Ban yi wa kowa wasa ba a ranar.

Bayan sati biyu aka yi babban zaɓe, mutanen Mali da Gini ma da suka ji zancen allo da yawansu namu suka bi. Washegari Injiniya ya sayo allo ya kafa da kansa. Aka bi katan-katan ana duba ranar shigowa, sai ga shi duk siton babu kayan da suka kai nawa daɗewa. Kawu da hannunsa ya ajiye ni a lamba ɗaya. Kan zakara aka fara zanawa a saman allon, ni na zana, don Injiniya duk da digirinsa da ya gwada agwagwa ya zana.

Takalma suka isa Kano ana saura kwana shida Sallah. Yayata da ta karɓar min kayan ta ce ko buɗe katan na ƙarshe ba a yi a shago ba, a bakin mota aka wawashe.

Kawu ya yi wata huɗu ba ya amsa gaisuwata, kuma ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Ranar da ya huce, a sito na gan shi, wurin da bai taɓa takawa ba, yana bin mutane ɗaya-ɗaya yana ba su hannu, cikakken hannu, yana tambayar suna da mak, don akwai wani zaɓen a gaba. Da ya iso kaina ya ce, "Kai ne ka sayar wa 'ya'yana takalman da suka hana gida sakat da ƙyalli?"

Na ce, "Kawu, layi suka bi suka saya."

Ya ɗaga hannu kamar zai make ni, sai ya nuna mutumin Damagaram da haɓa, ya rage murya ya ce, "Wancan da yake min dariya, wane ne?"