Kafaɗar Mama Asibi

In ka bi ta Paikon Kore ka ga wata tsohuwa da kafaɗarta ta dama ta ɗan zarce ta hagu sauka, to Mama Asibi ce, ka rusuna ka gaishe ta. Tun tana 'yar mitsitsiya take ɗebo ruwa a rafi, kuma kamar sauran matan Gbagyi, a kafaɗa take ɗaukar kaya. Kai a wurinsu sarkin jiki ne, ko doya ɗaya ba a ɗora masa. Da kafaɗar nan ta raini 'ya'ya, ta yi jinyar miji har ya cika.

Baƙin ƙasashen waje kam ta gan su kala-kala. Wasu sun auna ƙasa sun tafi. Wasu sun tara mata a gindin mangwaro, suka koya musu wanke hannu da ruwan gorar da suka zo da shi daga Abuja, suka koma da ragowar.

Bara sai ga wata ƙungiya, ta ce ita bohol za ta haƙa da gaske. Abu ɗaya take so: hoton wahala, wanda za a nuna wa masu ba da tallafi can ƙasarsu. In babu hoto, aikin ya wuce wani ƙauye wajen Abaji. Oga Abdulmajeed na ma'aikatar ruwa ne ya rako su, cikin farar shadda, ƙamshin turarensa har rafi. Mai kyamarar baturiya ce, Juliet. Tana ganin Mama da daro cike da ruwa ta ce ita take so, amma a ɗora a ka, haka mutanensu suka saba gani.

"Wannan mata ya ce me?" in ji Mama.

Oga ya ce, "Mama, a kai za ki ɗora. Ƙiftawar ido, shi ke nan, bohol ya zama naku."

Mama ta dubi rafin, ruwan ya yi kalar kunu. Ta dubi sauran matan. Tana son bohol ɗin nan kamar ranta.

"Ɗana, kaina ba jaki ba ne. Ka faɗa mata."

"Haba Mama, plis. Me ke ciki? Bari ki gani."

Oga ya tuɓe hula, ya ciccibi daron, ya ɗora a kansa. Mutumin da ko jakarsa direba ke riƙe masa. Wuya ya karkace, ruwa ya kwararo ta fuska zuwa shadda, ido ya fito waje. Juliet ta danna kyamara ba ƙaƙƙautawa, har da ƙwalla. Ta ce wahalar da take nema ke nan.

Aka haƙa bohol, mai sola, yana zuba har yau. Gefensa an kafa allo, ya fi tankin faɗi, ga hoton Oga jiƙe sharkaf da daro a ka. Rubutun Turancin da ke ƙasan hoton ya ce wannan talakan ƙauye ne da ya sha wuyar ruwa. Oga ya yi ta waya a sauke allon, aka ce sai an yi taro da masu tallafi.

Kullum da safe Mama kan cika daronta, ta saɓa a kafaɗa, ta tsaya gaban allon.

"Sannu da wahala, ɗana," sai ta wuce gida.