Mai Gadin Dajin da Ya Kunna Wuta

Shekara ashirin da shida Dondog ya yi yana gadin dajin da ke saman ƙauyenmu, can arewacin kogin Onon. Kafin nan mai saran katako ne a kamfanin gwamnati, har kamfanin ya rushe aka raba wa ma'aikata abin da ya saura. Shi rabonsa injin zarto ne da wani doki mai taurin kai. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, maganarsa ba ta da yawa. Da zarar bazara ta shigo, ƙanƙara ta narke, ciyawar bara ta bushe ƙayau, iska ta fara kaɗawa daga yamma, to matarsa Handa ba ta ganinsa sai in ya zo cika gorarsa da shayin madara ya koma.

Abin da ya kai shi aikin kowa ya sani. A shekarar da gobara ta yi wa ƙasar nan kaca-kaca, masu tsintar ƙahon barewa suka bar wuta a bayan dutse. Maza suka fita kashewa da shebur da ɗanyun rassa, iska ta juya, wutar ta rutsa da ƙaninsa Sedeb a cikin wani kwazazzabo. Dondog ne ya ɗauko gawar bisa doki ya kawo wa matar marigayin, Dolgor, tana da goyo a lokacin. Tun daga ranar, hayaƙi ko na taba ne ya gani a daji sai ya bi shi. Ya sha kwashe mafarauta da mari saboda sun tafi ba su zuba wa murhu ƙasa ba. Shekara da shekaru wuta ba ta ci ko faɗin bargo a kwarinsa ba, kuma da wannan yake alfahari, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Wata shekara da kaka sai ga wata malamar jami'a daga babban birni, sunanta Yanjin, sa'ar 'yarsa ta fari. Bincike take yi kan gobarar daji, tana neman mai injin zarto wanda ya san inda tsofaffin kututture suke. Dondog ya kai ta, ya yanko mata faifai daga kututturen wani dogon itacen ƙasar sanyi da ake kira shinis, wanda mutum uku ba sa rungume shi. Ta goge shi da sanfefa, ta zuba masa ruwa, layukan ciki suka fito, kowane layi shekara guda. Ta ɗauki allura tana bi tana nuna masa wasu baƙaƙen tabo da ƙaro ya rufe.

"Baba Dondog, wannan itacen wuta ta lashe shi sau goma sha ɗaya, bai mutu ba," in ji ta. Ta ce a da wuta takan zo duk bayan shekara goma sha biyar ko ashirin, ta bi ƙasa, ta cinye ciyawa da ƙirare ta wuce, manyan itatuwa su ji zafi a ƙafa kawai. Tabo na ƙarshe kuwa ya fi shekara hamsin.

Sannan ta sa shi ya zura hannu cikin busasshen ganyen da ke ƙasa. Hannun ya nutse har kusa da gwiwarsa. Ta nuna masa gumagumai da suka faɗi bisa juna, da ƙananan itatuwa da suka cushe har suna taɓa rassan manya. Ta ce ranar da wuta ta samu wannan, ba ƙasa za ta bi ba, takawa za ta yi ta hau sama.

"Kina nufin aikina ne ya jawo?"

"Ba kai kaɗai ba, Baba. Haka aka koya wa kowa. Amma abinci aka tara mata."

Kwana uku ya yi yana fushi da ita, yana yanka inda ta nuna kawai. A gida ya yi ta sababi cewa yarinyar da ba ta taɓa shaƙar hayaƙin daji ba ita za ta koya masa wuta. Handa tana murza ƙullin burodi ta tambaye shi ko ƙarya yarinyar ta yi. Ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Ta ce, "To tsohon nan, haushin me kake ji? Kututturen ka je ka yi wa faɗa, shi ya ba da shaida."

Da Yanjin za ta koma ta bar masa ƙaramin sikeli da wasu sanduna. Ta ce kullum da tsakar rana ya auna su, nauyinsu ya nuna yadda daji ya bushe. Ya karɓa ba don yana so ba, amma bazara uku bai tsallake rana ɗaya ba, har ya zama kafin ya ɗora sanda ya san abin da sikelin zai ce. A shekara ta huɗu hukuma ta ba da izinin a gwada ƙona wani yanki da gangan, a gangaren da ke saman garkunan shanu na hunturu da ke gabas.

A taron ƙauye aka yi masa ca. Wani tsoho ya ce tsufa ne ya taɓa shi, wani ya ce gobe kuma sai likita ya fara raba cuta, aka yi dariya. Dondog ya miƙe ya ce shi zai kunna da hannunsa, in ta ƙwace kuma a ɗaure shi. Dolgor, matar marigayin ƙaninsa, ta bari sai da aka watse ta tare shi a bakin ƙofa.

"Yaya, kai ka kawo mini shi a nannaɗe. Kai ne za ka sa wa dajin nan ashana?"

Ta juya ta tafi. Daga ranar ta daina gaishe shi.

Da safe aka yi ƙunar, lokacin da akwai sauran ƙanƙara a inuwar duwatsu. Shi ya kunna, sai a ashana ta uku ta kama. Wutar ta tashi iya gwiwa, tana tafiya a hankali tana ƙas-ƙas, shi kuma yana biye da ita da jiƙaƙƙen reshe, sau da yawa hannunsa na ɗagawa da kansa zai kashe ta sai ya mayar. Wajen azahar iska ta ɗan motsa, wani lungu ya kama da ƙarfi, itatuwa kusan arba'in suka mutu kafin a tare ta. Mutane suka ce ai sun faɗa. Shekarar da ta biyo baya ba a ba da izini ba. A ta gaba aka ƙara yanki ɗaya, shi ke nan.

Babbar wutar ta zo bayan shekara huɗu, a wata bazara da ba a ga ɗigon ruwa ba. Ta haure dutse daga arewa tana tsalle daga kan itace zuwa kan itace, ƙararta kamar jirgin ƙasa. Da ta iso yankunan da aka ƙona sai ta rasa abin takawa, ta sauko ƙasa, maza suka tare ta da shebur. Garkunan gabas suka tsira. Ta yamma kuwa ba abin da ya tsaya mata. Ta cinye gangaren gaba ɗaya, da ciyawar gida shida, da shanun da ba a samu an kora ba. Har yau rabin ƙauye na cewa ƙunar Dondog ce ta cece su, rabi na cewa iska ce ta juya. Da Yanjin ta zo auna wurin ta ce duka biyun ne. Shi bai shiga gardamar ba. Abin da ya ce mata kawai shi ne yankunan sun yi kaɗan, kuma ya yi latti da yarda.

Kwana tara da ya yi cikin hayaƙi suka kama masa ƙirji. Ya ajiye aiki, hawan doki ma ya gagare shi. Dolgor ta fara aiko da romon rago, daga baya ta riƙa kawowa da kanta, su zauna su yi hirar jikoki da tsadar hunturu, maganar wuta ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. Bazararsa ta ƙarshe ya sa aka kai shi gangaren yamma a mota, inda mata ke dasa 'ya'yan shinis cikin toka. Ya zauna a kan dutse da bargo a kafaɗa, yana ta yi musu faɗa cewa su ba da tazara, sun cika matse su. Ya rasu farkon hunturun shekarar, yana da sittin da takwas, aka binne shi a gefen dutsen da ke kallon kudu.