Tambaya ta uku ta Mushe Idi

Shekara bakwai ke nan da muka rufe ƙanena Idi a Filinge. Ni ban shiga lakkwal ba, wato makarantar boko. Jikata ce ke rubuta abin da nake faɗi.

Idi malamin kimiyya ne a kwaleji, yara na ce masa Mushe Idi, wato Malam Idi da Faransanci. Ɗakin gwajinsu ba komai sai kwalabe da madubin ƙara girman abu guda ɗaya. Don haka gonata ta zama ajinsa. Yakan kawo yara su tona saiwa, su fasa zangarniyar hatsi, su duba tsutsa. Kafin su tashi sai ya raba musu guntayen takarda, kowace da tambaya uku. Me ka gani? Me hannunka ya yi? Me ba ka gane ba? Wanda ya rubuta ya gane duka, sifiri yake ci.

Na ce masa, "Kai Idi, takardar da ko goro ba ta ƙunshewa, ita ce jarrabawa? An tattake mini kunyoyin gona a banza."

Ya ce, "Yaya, kai da ba ka cika magana uku a yini, kai ne za ka raina gajeren abu?"

Bara tsutsa ta faɗa wa hatsina. Irin shuka ne da muka gada daga ubanmu, wanda muka ƙi ci a shekarun yunwa muna kwana da ganye a ciki. In ya tafi, ya tafi ke nan. A kasuwar Baleyara kowa ya zama gwani, kowa da maganin feshinsa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Sai ga Ramatu, malamar gona, ɗaya daga cikin masu tattake mini kunya a da. Ta fasa zangarniya, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Baba, akwai abin da ban gane ba. Kada ka fesa komai, ba ni kwana biyu."

Nan na ji muryar Idi, na jira. Ta dawo da 'yan buhuna masu ƙananan ƙwari da ke kashe tsutsar, ta rataya a gona. Rabi ya tsira. Iri yana rumbu.

Yanzu yara na tambayar waya, tana ba su amsa tun ba su taɓa ƙasa ba. Da Idi na nan, na san ba faɗa zai yi ba. Takarda zai miƙa musu.

Bai bar gida ba, bai bar shanu ba. Ya bar wa ƙasarmu ta Kurfai mutanen da ba sa jin kunyar cewa ba su gane ba. Bana na aika wa kwaleji: gonata a buɗe take, su zo su tattake. Allah ya jiƙan Idi.